Rumbun Alƙaluman Maddison: Iya Inda Zai Kai Mai Neman Asalin Arziki a Juyin Halitta

Rumbun alƙaluman Maddison shi ne wurin da kusan duk mai nazarin arzikin duniya na dogon zamani yake fara yada zango. Yana hannun cibiyar nazarin bunƙasar tattalin arziki ta Jami'ar Groningen da ke ƙasar Holan. Kyauta ne, ba a neman rajista, kuma fayil ɗaya tak ake saukewa, ko na Excel ko na Stata, manhajar nazarin alƙaluma. Angus Maddison ne ya kafa tushensa, masanin da ya daɗe yana aiki a OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, kafin ya koma koyarwa a Groningen. Bayan mutuwarsa a 2010 abokan aikinsa suka ɗauki ragamar, Jutta Bolt da Jan Luiten van Zanden na kan gaba, suka sabunta shi a 2013, 2018, 2020 da 2023. Sigar 2023 ta ƙunshi ƙasashe 169, ta tsaya a shekarar 2022, kuma ga wasu 'yan ƙasashe tana da adadi har na shekara ta 1 Miladiyya.

Aiki ɗaya za a auna shi a kai: ko zai iya raba gardama tsakanin masu cewa juyin halitta ne ya haifar da bunƙasar tattalin arziki da masu musun haka. Kada kalmar ta ruɗi kowa. Idan masana tattalin arziki suka ce juyin halitta, ba maganar asalin ɗan Adam suke yi ba. Nufinsu shi ne a samu bambanci tsakanin mutane ko kamfanoni, bambancin ya zama ana gadonsa, sannan wani nau'i ya riƙa barin magada fiye da wani har ya rinjayi sauran. Abin da ake gada zai iya zama ƙwayar halitta, ko ɗabi'ar da iyaye ke koya wa 'ya'ya, ko hanyar da kamfani ya saba gudanar da aikinsa. A 2002 Oded Galor da Omer Moav suka ce a zamanin da talauci ya yi wa duniya katutu, iyalan da suka fi zuba ƙarfi kan tarbiyya da ilimin kowane ɗa su ne suka riƙa yawaita, har suka kai adadin da ya tayar da fasaha. A 2007 Gregory Clark ya ce masu hali a Ingila sun fi talakawa barin 'ya'ya, don haka halayensu na haƙuri da tattali suka gangaro suka game al'umma. Tun 1982 Richard Nelson da Sidney Winter sun kai batun cikin kamfanoni, inda kasuwa ke tace hanyoyin aiki. Akwai kuma masu juyin al'adu, irin su Robert Boyd, Peter Richerson, Joseph Henrich da Joel Mokyr, waɗanda ke bin yadda ilimi da aƙida ke yaɗuwa ta koyi.

Hukuncina a kan rumbun shi ne wannan: wajen nuna abin da ke buƙatar bayani, da lokacin da ya faru, babu kamarsa. Yana kuma iya kayar da bayanin da saurinsa bai dace da tarihi ba. Amma ba zai taɓa tabbatar da ko ɗaya daga cikinsu ba, domin ƙasashe yake aunawa, shi kuwa gado a cikin gida yake gudana.

Abin da ke cikin fayil ɗin, da inda ake tuntuɓe

Shafin da ya fi amfani shi ne mai ɗauke da cikakkun bayanai, inda kowane layi ƙasa ɗaya ce a shekara ɗaya. Akwai lambar ƙasa mai harafi uku, sunanta, shekara, sai ginshiƙai biyu da su ne kayan aikin. Na farko, gdppc, kason kowane mutum ne daga jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara, da dalar Amurka ta 2011, bayan an daidaita ƙarfin sayen kuɗi tsakanin ƙasashe. Na biyu, pop, yawan jama'a ne, kuma da dubbai aka rubuta shi. Wanda ya ninka su biyun don ya sami jimillar arzikin ƙasa bai ƙara ninkawa da 1,000 ba, amsarsa za ta gaza sau dubu. Haka wanda ya tara dukan layukan shekara guda don ya sami jimillar duniya zai ƙirga wasu mutane sau biyu, saboda tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Yugoslabiya da Cekoslobakiya suna nan da lambobinsu, SUN, YUG da CSK, ga kuma ƙasashen da suka fito daga cikinsu. Dole a zaɓi ɗaya a cire ɗaya.

Zanen jadawali ma yana da nasa tarkon. Kafin 1820 yawancin ƙasashe ba su da komai sai 'yan shekaru jefi-jefi, kamar 1, 1000, 1500, 1600 da 1700. Idan ka goge layukan da babu adadi ka ce Excel ya ja maka layi, zai ba tazarar shekara 999 faɗi ɗaya da tazarar shekara 100, siffar tarihi ta karkace. A yi amfani da zanen ɗigo-ɗigo, shekara ta zama lamba a ƙasa, a kuma sa gefen tsaye a ma'aunin logaridim, inda nisan 500 zuwa 1,000 yake daidai da na 5,000 zuwa 10,000. In ba haka ba duk abin da ya faru kafin 1800 zai kwanta a ƙasa kamar babu motsi, alhali a nan ne duk gardamar take.

Sai haɗa siga da siga. Tsofaffin jadawalin Maddison da sigar 2013 da dalar 1990 aka yi su, daga 2018 aka koma dalar 2011. Sigar 2018 kuma ta zo da layi biyu, cgdppc don kwatanta ƙasashe a shekara guda, rgdpnapc don auna bunƙasar ƙasa ɗaya a tsawon lokaci, mutane da dama suka yi ta ɗaukar wanda bai dace da tambayarsu ba. A 2020 aka koma layi ɗaya. Wannan gyara ne mai kyau, sai dai ya sa adadin ƙasa ɗaya a shekara ɗaya zai iya bambanta ƙwarai tsakanin takardu biyu da duk suka ce daga Maddison suka ɗauko.

Inda ya yi fice

Ga abin da ya sa ba a iya yi sai da shi. A ƙiyasin Maddison, da dalar 1990, kason mutum ɗaya a duniya ya kai kusan 450 a shekarar 1000, kusan 670 a 1820, sama da 6,500 a 2003. A raba adadin ƙarshe da na farko, a ɗauki logaridim na amsar, wanda ake rubutawa ln a kalkuleta, a raba da yawan shekaru. Zango na farko zai ba da kashi 0.05 cikin 100 a shekara, wato sai an yi shekara 1,400 kafin kaso ya ninka. Zango na biyu zai ba da kashi 1.25, ninki a cikin shekara 56. A daidai lokacin da kaso ke rarrafe, jama'ar duniya ta tashi daga kusan miliyan 270 a shekarar 1000 zuwa sama da biliyan 1 a 1820. Ma'ana, an sami ci gaban noma da sana'a, amma bakuna ya ƙara, bai ƙara wa kowane baki ba. Wannan shi ne abin da Thomas Malthus ya siffanta a 1798, kuma a kansa ra'ayin Galor da na Clark suka tsaya, domin sai a duniyar da dukiya ke komawa 'ya'ya masu rayuwa ne halin da ke kawo dukiya zai yaɗu ta haihuwa.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ga wurare da yawa a zamanin da, Maddison ba shi da shaidar komai, sai ya sa dala 400, adadin da ya ɗauka shi ne mafi ƙarancin abin da zai riƙe rai, ya ɗan ƙara a inda yake ganin akwai birane da masarautu. Wanda ya ɗauki waɗannan lambobi ya ce sun nuna duniya ta yi zaman wuri ɗaya, abin da aka zuba ne ya kwaso. Clark da kansa, wanda ra'ayinsa ke buƙatar wannan zaman wuri ɗayan, ya rubuta a 2009 cewa alƙaluman kafin 1820 ƙirƙira ce. Magadan aikin sun ji wannan suka. Sun cire da yawa daga cikin kintacen, suka maye gurbinsu da binciken da aka yi daga takardun tarihi, kuma wannan ne babban dalilin da zai sa a bar tsohon fayil a ɗauki sabo ko da ya fi yawan gurabe marasa komai. Gurbin da babu adadi ya fi adadin da babu tushe.

Sababbin layukan su ne dukiyar rumbun. Ingila tana da adadi shekara-shekara tun ƙarni na 13, daga aikin Stephen Broadberry, Bruce Campbell da abokansu. Holan tun tsakiyar ƙarni na 14, arewaci da tsakiyar Italiya tun farkonsa daga aikin Paolo Malanima, ga Faransa, Sifaniya, Suwidin, Polan da Fotugal. Binciken da aka yi kan Sin ya faro daga 980, zamanin daular Song, na Japan daga 730, na Indiya daga 1600. Da aka jera su sai ga hoton ya sauya. Ba layi ne miƙaƙƙe ba. Italiya ta yi gaba a ƙarni na 14 da na 15 sannan ta tsaya cik. Holan ta wuce ta a ƙarni na 16. Ingila ta fara hawa na dindindin daga tsakiyar ƙarni na 17. Sin ta yi kyau a zamanin Song, ta faɗi sosai a ƙarni na 18 lokacin da jama'arta suka yi ta ƙaruwa. Ga mai cewa ƙwayoyin halitta ne suka yi aikin, wannan tambaya ce mai nauyi: idan hali ya taru a jini sannu a hankali, me ya sa jagoranci ke sauya hannu a cikin shekara 100 ko 150, kuma me ya sa wanda ya hau yake saukowa?

Yadda aka haɗa lambobin

Wannan sashe ne da yawancin masu amfani da rumbun ke tsallakewa, kuma shi ne mafi muhimmanci. Ana fara ne da shekara guda da aka kwatanta farashin kaya tsakanin ƙasashe da kyau, kamar 1990, sannan a riƙa ja baya da saurin bunƙasar kowace ƙasa. Ƙaramin kuskure a saurin yana taruwa kamar bashi mai ruwa. Kuskuren kashi 0.1 kacal a shekara, bayan shekara 300, zai karkatar da adadi da kashi 35 cikin 100. Don haka idan rumbun ya ce wata ƙasa ta fi wata da kashi 15 a 1700, wannan bai isa a gina ra'ayi a kai ba. Idan ya ce ninki biyu ne, to akwai magana.

Shi saurin bunƙasar kuma hanya biyu ake samo shi. A Ingila da Holan an ƙirga abin da aka samar: littattafan gandayen masu ƙasa, zakkar coci, jerin kayan da mamaci ya bari, harajin ulu da tufafi a tashar jiragen ruwa, nauyin kuza da aka haƙo. A Italiya, Sifaniya, Faransa da Jamus irin waɗannan takardu ba su isa ba, sai aka bi ta bayan gida. Ana ɗaukar ladan magina da leburori da farashin kaya, a ƙiyasta abincin da mutum zai ci da wasu ƙa'idoji. Wadda Robert Allen ya yi amfani da ita ta ce idan kuɗin shiga ya ƙaru da kashi 10, cin abinci zai ƙaru da kashi 5, idan farashin abinci ya tashi da kashi 10 zai ragu da kashi 6, idan na sauran kaya ne ya tashi zai ƙaru da kashi 1. Daga nan a sami girman noma. Sauran tattalin arziki kuwa, sana'a da ciniki, daga yawan mazauna birane ake kintata shi. Sakamakon a bayyane yake: wanda ya gwada ko yawan birane ko tsadar lada suna tafiya tare da kason mutum a waɗannan ƙasashe zai ga alaƙa mai ƙarfi, amma alaƙar ba daga tarihi ta fito ba, daga yadda aka haɗa lambar ta fito.

Akwai kuma batun kwanakin aiki. Takardu ladan yini suke nunawa, ba na shekara ba, kuma an saba ninka shi da kwana 250. Jane Humphries da Jacob Weisdorf sun bi kwangilolin ma'aikatan shekara a Ingila, suka nuna cewa kwanakin aiki sun yi ƙasa sosai bayan babbar annobar 1348, sannan suka yi ta hawa har zuwa juyin masana'antu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Clark, wanda ya bi ta lada da haya, yake ganin Ingila ta daɗe da wadata ba tare da ci gaba ba, Broadberry kuwa yake ganin hawa a hankali. Rumbun layin Broadberry ya ɗauka. Wanda zai gwada ra'ayin Clark da shi, ya sani da ma'aunin abokin gardamarsa yake auna shi.

A kula kuma da sunan ƙasa. Italiya kafin haɗewarta a 1861 arewa da tsakiya ce kawai, yankin da ya fi arziki. Holan ta farko lardi ɗaya ce, mafi ciniki. Birtaniya kafin 1700 Ingila ce zalla. Ita kuwa Sin gaba ɗayanta aka auna, ƙasa mai girman nahiya. Kwatanta lardin Holan da dukan Sin ba adalci ba ne, da yankin bakin kogin Yangtze ya kamata a haɗa shi.

Annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta nuna iyakar ƙarfin rumbun da kyau. A ƙiyasin Broadberry da abokansa, mutane sun ragu daga miliyan 4.8 zuwa miliyan 2.6 cikin shekara uku, suka ci gaba da raguwa har miliyan 1.9 a 1450. Gonaki na nan, shanu da tumaki na nan, hannu ya yi ƙaranci, lada ya tashi, kason kowane mutum ya yi tsalle. Har nan Malthus ya yi daidai. Abin lura shi ne, da jama'a suka sake yawaita har suka haura miliyan 5 wajen 1700, kason bai koma inda ya fito ba, alhali a Italiya ya zame. Layin ya nuna wannan sarai. Ko dalilin jinkirta aure ne, ko buɗewar aikin lada ga mata, ko cinikin teku, ko sauyin halin mutane, layin ba shi da bakin faɗa.

Abin da ba ya cikinsa

A ɗauki misali don a ga girman giɓin. A ce mutum 1 cikin 100 yana da halin zuba ƙarfi kan ilimin 'ya'ya, kuma duk ɗansa yana gadon halin ɗari bisa ɗari. Idan irinsa suna barin magada masu rayuwa da suka fi na sauran da kashi 5, sai an yi hawa 94 na zuriya kafin su zama rabin jama'a, wato shekara 2,350 idan daga uba zuwa ɗa shekara 25 ne. Idan fifikon kashi 20 ne, hawa 25 sun isa, shekara 625, daidai tazarar 1200 zuwa farkon ƙarni na 19. Lambobin nan na misali ne, amma sun nuna cewa duk maganar ta rataya ne a kan abu biyu: girman fifikon haihuwa da ƙarfin gado. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a halaye irin su haƙuri da tattali kamannin ɗa da uba yana da rauni, ya yi nesa da ɗari bisa ɗari, kuma duk raguwar da aka yi masa tana ƙara ɗaruruwan shekaru a lissafin. Babu ko ɗaya daga cikin lambobin biyu a rumbun Maddison.

Inda suke shi ne takardun iyali. Clark da Gillian Hamilton sun bi wasiyyoyin maza fiye da 2,000 a Ingila tsakanin 1585 da 1638, suka ga mafi arziki sun bar 'ya'ya kusan ninki biyu na mafi talauci. Shaida ce ta gaske, da rauninta: matalauci na haƙiƙa bai cika barin wasiyya ba, an kuma ga irin wannan fifiko a wasu ƙasashe da ba su yi juyin masana'antu ba, sannan a Ingila kanta ya ɓace ga waɗanda suka yi aure bayan 1780. Galor da Marc Klemp kuma sun bi rajistar cocin Faransawan Kebek a Kanada daga 1608 zuwa 1800. Sun auna saurin haihuwa da tazarar ranar aure zuwa haihuwar fari, suka ga masu matsakaicin sauri sun haifi 'ya'ya kaɗan amma sun fi yawan jikoki da tattaɓa-kunne. Wannan ya yi daidai da ra'ayin Galor da Moav na 2002, ko da yake Kebek ta wancan lokaci ƙasa ce mai yalwar fili, ba matsattsiyar duniyar Malthus ba. Wanda ke son shiga wannan gardama da gaske, a irin waɗannan rumbuna zai shafe mafi yawan lokacinsa, da kuma rajistar coci 404 da masanan Jami'ar Kambirij suka sake gina yawan jama'ar Ingila da ita daga 1541.

Daga 1950 zuwa yau rumbun ya fi ƙarfi, kuma a nan yake yanke hukunci mafi tsabta. Koriya al'umma ɗaya ce, harshe ɗaya, tsatso ɗaya, aka raba ta a 1945. Kason Kudu bai kai dala 1,000 ta 1990 ba a 1950, ya kusa 20,000 a 2008, Arewa kuwa ta tsaya a ƙasa. Hawa biyu na zuriya ke nan. Haka Sin kafin gyaran tattalin arzikinta na 1978 da bayansa. Babu zaɓin ƙwayoyin halitta da zai yi wannan saurin, dokoki da tsarin mulki da koyi daga maƙwabta ne ke iya shi. Ko a nan ma sai da lura: a tsofaffin jadawalinsa Maddison ya ɗauka kason Arewa daidai yake da na Kudu daga 1950 zuwa 1973, don haka idan ka ga layukan biyu a manne a wani tsohon zane, zato ne ya manna su.

Babban rauninsa Afirka ne. Yawancin ƙasashen kudu da Sahara daga 1950 suke farawa, in ban da irin yankin Kef na Afirka ta Kudu, wanda aka bi tun farkon ƙarni na 18, shi ma tattalin arzikin Turawa 'yan kaka-gida ya fi nunawa. Na bayan 1950 ma suna da girgiza. A 2010 Gana ta sauya shekarar da take auna farashi da ita daga 1993 zuwa 2006, jimillar arzikinta a takarda ta ƙaru da sama da kashi 60 a rana ɗaya. Wannan giɓi ya shafi binciken da Quamrul Ashraf da Galor suka buga a 2013, mai cewa matsakaicin bambancin ƙwayoyin halitta a cikin al'umma shi ya fi dacewa da bunƙasa. Ƙabilu 53 kawai ke da awon gaske, sauran ƙasashe da nisan ƙaura daga gabashin Afirka aka kintata nasu, ci gaban shekarar 1500 kuma da cunkoson jama'a aka auna shi, daga ƙiyasin Colin McEvedy da Richard Jones na 1978, wanda Maddison ma ya jingina da shi. Timothy Guinnane ya nuna cewa yawancin waɗannan ƙididdigar jama'a kintace ne, masana ilimin ɗan Adam da na ƙwayoyin halitta da dama sun soki binciken a shekarar da ya fito, Morgan Kelly kuma ya nuna cewa maƙwabtan ƙasashe suna kama da juna a kusan komai, don haka lissafin da ya ɗauki kowace ƙasa a matsayin shaida mai zaman kanta yana ƙara wa sakamako ƙarfin da ba shi da shi. Magana mai nauyin cewa jinin wata al'umma ne ya hana ta arziki tana buƙatar shaidar da ta fi wannan nesa ba kusa ba, kuma bai kamata a jingina ta da waɗannan ginshiƙai biyu ba.

Ga masu bin Nelson da Winter, rumbun ba shi da abin ba su. Haihuwar kamfani da mutuwarsa, ƙaurar ma'aikata daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, duk sun narke cikin adadi ɗaya. Abin da Joseph Schumpeter ya kira rushewa mai gini, wanda Philippe Aghion da Peter Howitt suka yi wa lissafi a 1992 har suka raba kyautar Nobel ta 2025 da Mokyr, a ƙidayar masana'antu da rajistar haƙƙin ƙirƙira ake ganinsa. Masu juyin al'adu sun ɗan fi samun abin kamawa a ginshiƙin jama'a, domin Michael Kremer a 1993 ya kafa hujja cewa yawan mutane yana ƙara yawan masu ƙirƙira, Henrich kuma ya kawo misalin Tasmaniya, wadda teku ta raba da Ostareliya kimanin shekara 10,000 da suka wuce, mutanenta kaɗan suka daina yin kayan aikin ƙashi. Amma bayanin al'adar kowace al'umma sai a rumbun D-PLACE, jari da ilimin ma'aikata daga 1950 sai a Penn World Table, wanda shi ma a Groningen yake, tsayin jiki da tsawon rai kuma sai a Clio Infra.

Abu ɗaya da masu rumbun suka yi daidai, kuma ya kamata a yi amfani da shi, shi ne shafin da ke jera asalin kowane layi ƙasa-ƙasa. Sun nemi duk wanda ya yi aiki da 'yan ƙasashe ya ambaci masu binciken asali, ba rumbun kaɗai ba. Kafin a ɗora wata hujja a kan layin wata ƙasa, a buɗe shafin, a nemo takardar, a duba ko ƙirga abin da aka samar aka yi ko ta lada da birane aka bi, wane yanki aka auna, kwana nawa aka ɗauka ana aiki a shekara. Abin da ya rage musu shi ne sanya alamar inganci a gefen kowane adadi, ta yadda na Ingila a 1600 da na wata ƙasa a shekara ta 1 ba za su zauna a ginshiƙi ɗaya da kama ɗaya ba. Kafin su yi, a ƙara ginshiƙi da hannu, a ba kowane layi daraja 1 zuwa 3 gwargwadon tushensa, a gudanar da lissafi sau biyu, da duka layukan sannan da masu daraja ta farko kaɗai. A kuma adana kwafin fayil ɗin da sunan shekarar sigarsa, domin siga mai zuwa za ta sauya wasu lambobin.